Kalmar da Gara Ta Cinye

Malama Hure ta shekara ashirin da shida tana buɗe ƙofar wani ƙaramin laburare a garin Gaya, wanda wata ƙungiyar tsofaffin malaman makaranta ta gina tun tana budurwa. Ɗaki biyu ne da baranda. A shekarunta na farko sai ta sa ɗalibai sun bi layi kafin kowa ya samu kujera. Daga baya waya ta shiga hannun kowa, kujerun suka fara yin yawa. Akwai makon da ba wanda ya leƙo sai wani dattijo da ke zuwa barcin rana saboda sanyin siminti. Ita dai ba ta fasa ba. Ta share, ta kakkaɓe kantoci, ta barbaɗa maganin gara a kusurwoyi, ta zauna jiran la'asar. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna aure a Kano da Dutse, kuma duk sanda suka zo sai sun ce, "Umma, wai wa kike yi wa gadi ne?"

A bazarar 2023 wata budurwa ta yi mata sallama, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Sunanta Ummu Salma, 'yar Toranke ce, ta gama jami'a tana koyarwa a Kano. Ta ce ita da abokan aikinta 'yan sa-kai ne, suna rubutu da Hausa a wani babban kundin ilimi na intanet, wanda kowa zai iya buɗewa ya karanta a wayarsa. Ba mai biyansu. Kowa ma zai iya rubutu a ciki, amma da sharaɗi guda: duk abin da mutum ya rubuta, sai ya nuna inda ya samo shi, littafi ne ko jarida ko rahoto. "Na ji daga bakin kakata" ba ya karɓuwa.

"Mama, garuruwanmu ba sa ciki," in ji ta. "Ki nemi Balan, layi biyu za ki gani. Gafasa ma haka. Mu muna da kwamfuta, ke kina da takardu. In kin yarda, nan za mu yi bitarmu ta kwana uku."

Hure ta dube ta na ɗan lokaci don ta tabbata ba wasa take yi ba. Sannan ta ce, "Ku nawa ne? In san kujerun da zan goge."

Su goma sha ɗaya suka zo, maza da mata, wasu daga Kano, wasu 'yan nan Gaya da Ajingi. Hure ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki. Tun daga safiyar farko ba a bar ta ta zauna ba. "Mama, akwai wani abu kan rinin Gaya?" "Mama, wace shekara aka buɗe firamaren unguwarmu?" Ba ta ko duba katin jerin littattafai. Sai ta nufi kanta kai tsaye, ta miƙa hannu sama ko ta durƙusa ƙasa, ta zaro abin da ake nema. Wani saurayi ya ce wallahi Mama ta fi intanet sauri, aka yi dariya. Ta ce masa ya daina zuzuta ta, amma da ta shiga ɗakin ciki sai ta tsinci kanta tana murmushi ita kaɗai.

A rana ta uku ta fito musu da abin da ta fi ji da shi. Wani rahoto ne mai shafi talatin da biyu, wanda wani malamin gona, Muhammad Auwal, ya buga da tafireta a 1978. Da Hausa ya buga shi domin a karanta wa masu gari. Ya bi yankin ƙauye ƙauye yana rubuta tafkuna da rijiyoyi da burtalan da shanu ke bi. Takardar ta yi ja, ta bushe, gefenta na ɓarɓashewa, kuma tun kafin ta zo laburare gara ta taɓa ta a wurare da dama. Hure ta ce ba mai taɓa ta sai ita. Don haka ta zauna da gilashinta tana karantawa a fili, Ummu Salma na gefenta tana bugawa.

Suka iso kan Tafkin Faru, wani tafki da ke bayan wata 'yar unguwa mai suna Faru, a yankin Gafasa. Hure ta ji sunan har cikin ranta. Can ne gidan kakarta ta wajen uwa, can take yin hutun makaranta tana ƙarama.

Ta karanta faɗin tafkin, da watannin da yake riƙe ruwa, da itatuwan bakinsa. Sai ta zo layin da ya ce: "Burtalin shanu ya taso daga arewa, ya bi ta", daga nan sai rami, ɗan rami da bai wuce kan yatsa ba, sannan "in tafki, ya miƙe kudu."

Hure ta dubi ramin. Ko dai gabashin, ko yammacin. Ta ƙirga haruffan a zuci, duk biyun daidai suke, kowacce za ta shige ramin nan. Lokacin ƙarfe huɗu ta wuce, man janareta ya kusa ƙarewa, 'yan Kano sun fara tattara caja. Sauran kuma sun kewaye teburin suna jiran a ɗora wannan muƙala ta ƙarshe a yi hoto a watse. Sai ta tuno kanta tana 'yar shekara tara, tsaye bakin tafkin da tulu, shanu na gangarowa wajen ruwa, rana na bayansu har ba ta iya ganin fuskar makiyayin sai inuwarsa. Safiya ce, ta ce a ranta. Ai da safe ake ɗebo ruwa.

"Ya bi ta gabashin tafki, ya miƙe kudu," ta karanta, muryarta ba ta ko girgiza ba.

Ummu Salma ta buga. Sannan ta ɗago kai, kamar yadda take yi a ƙarshen kowane layi mai muhimmanci. "Haka yake a rubuce, Mama?"

"Haka yake."

Aka ɗora muƙalar, aka tafa. Ummu Salma ta juyo mata da kwamfutar ta nuna mata can ƙasa, wurin manazarta, inda aka sa sunan rahoton da shafinsa da sunan laburaren da yake ajiye. Hure ta sa aka tura mata a waya, ta tura wa 'ya'yanta tun kafin baƙin su kai tasha. Da take mayar da rahoton cikin kabad, ta sake buɗe shafin ta dubi ramin. Wani abu ya ɗan taɓa mata zuciya. Ta ce ai da idonta ta gani, ba ƙarya ta yi ba, ta rufe kabad ta murɗa mukulli.

Shekarar da ta biyo baya ta fi duk shekarun baya-bayan nan daɗi. 'Yan sa-kan Gaya su huɗu suka mayar da laburaren wurin haɗuwarsu duk Asabar. Wani ya kawo fanka, wani ya gyara taga. Malaman makarantu suka fara turo ɗalibai. Hure ta koyi gyara kuskuren rubutu a kundin da kanta, har ta buɗe sunanta a ciki.

Ranar wata kasuwa a watan Agusta na 2024, ana yayyafi, wata dattijuwa ta tsaya a baranda ta sauke ƙwaryar nono daga kanta. Doguwa ce, siririya, za ta girmi Hure da kamar shekara takwas. Ta cire takalmi duk da Hure ta ce mata ba sai ta cire ba, ta shigo tana duban kantoci.

"Nan ne gidan takardu?"

"Nan ne. Sannu da zuwa. Ga kujera."

Ba ta hau kujera ba, a ƙasa ta zauna. Ta ce sunanta Hajo, matar Malam Tukur, daga rugar bayan Faru. Shekara arba'in da ɗoriya tana zaune a wurin, suna noma suna kiwo. Ta ce an gaya mata akwai wata takarda a nan da ta yi magana kan tafkinsu, ita ce ta zo gani.

Hure ta zauna a bakin tebur. Ta ce, "Me ya faru?"

Hajo ta ba ta labari ba tare da ɗaga murya ba. Bana da ruwan farko ya sauka, maƙwabcinsu Maikuɗi, wanda gonarsa ke yamma da tafki, ya ƙara huɗa har ya shiga hanyar shanu, ya shuka gero. Shanunsu suka bi inda suka saba, suka tattake shukar. Aka kai magana gaban mai unguwa. Tsofaffin da suka san iyakokin wurin tun asali duk sun rasu, waɗanda suka rage kowa da nasa zance. Ana cikin haka ɗan Maikuɗi, Kamalu, wanda ya yi boko, ya ciro waya ya karanta wa taro cewa a rubuce yake tun shekara arba'in da shida da suka wuce, burtali ta gabashin tafki ya bi, kuma takardar na nan ajiye a laburaren Gaya, duk mai musu ya je ya gani. Ba wanda ya je. Aka ce wa Malam Tukur daga yau shanunsa su bi ta gabas.

"Gabas kuwa, Malama, kwazazzabo ne. In ruwa ya sauka taɓo ne har gwiwa. Sati biyu muka yi muna bi. Wata saniyarmu mai ciki ta kafe, da aka ja ta ƙafa ta karye, sai yankawa aka yi. Bayan kwana uku maraƙi ya faɗa. Babban ɗana Ɗayyabu ya ce shi ba zai zauna yana kallo su ƙare ɗaya bayan ɗaya ba. Shi da ƙanensa suka kora garken suka yi kudu, da matansu, da jikokina bakwai. Shanu biyu suka bar mana na tatsa."

Ta gyara zama. "Ni ba faɗa na zo ba. Tun da aka kai ni rugar amarya ta yamma muke bi. So nake in ga takardar da idona, ko raina ya haƙura."

Hure ta tashi. Tana iya cewa mukullin kabad ba ya hannunta. Tana iya buɗe shafin ta karanta mata yadda ta karanta wa Ummu Salma, tunda matar ba ta san boko ba. Duk biyun sun zo mata a zuci a 'yan takun da ke tsakanin tebur da ɗakin ciki. Ta ɗauko rahoton, ta zauna a ƙasa kusa da Hajo, ta buɗe shafi na goma sha tara a kan cinyarta, ta bi layin da yatsa tana karantawa a hankali. Da ta zo ramin sai ta tsaya.

"Ci gaba," in ji Hajo.

"Nan ne wurin da ya faɗi gefen da burtali ya bi."

Hajo ta sunkuyo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa ɗan yatsanta ta ɗora a kan ramin, ta ji zanen Hure ta ƙasansa.

"To ina gabas ɗin?"

"Babu. Gara ta cinye wurin tun da daɗewa. Ni na faɗa, Yaya. Ni na ce gabas, aka rubuta."

Hajo ta janye hannunta. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kin taɓa zuwa Faru?"

"Can ne gidan kakata."

"Kuma kika ce gabas."

Ta miƙe, ta fita baranda, ta sa takalminta. Hure ta bi ta don ta taya ta ɗora ƙwarya, amma kafin ta kai hannu Hajo ta riga ta ɗora da kanta.

Hure ta kira Ummu Salma a take, ta gaya mata komai, ba ta rage ba.

"Mama, na tambaye ki fa. Na ce haka yake a rubuce?"

"Kin tambaye ni."

"Duk abin da muke yi a kan wannan tambayar ya tsaya. In an ce mana takarda ta faɗa, mu ba mu da yadda za mu..." Ta tsaya, ta ja numfashi. "Ni ma da laifina. Da na ɗauki hoton shafin. Muna koya wa mutane su ɗauki hoto, ni ban ɗauka ba saboda ina saurin kama mota. Ki buɗe muƙalar yanzu mu gyara."

Gyaran bai ɗauki minti biyu ba. Suka cire kalmar, suka rubuta cewa wurin da ya faɗi gefen burtalin ya lalace a takardar. Hure ta zauna tana kallon wayar. Abin da ya tayar da gida guda, ga shi ta share shi da ɗan yatsa ɗaya, kuma ba abin da ya motsa a duniya.

"Wannan ba zai ishe su a Faru ba," in ji Ummu Salma. "Rami bai ce yamma ba. Sai mun samo wani kwafin. Wa ya kawo rahoton laburare?"

A bayan bangon fayil ɗin da rahoton ke ciki akwai rubutun mutumin da Hure ta gada a aikin laburaren: kyauta daga iyalan marigayi, Balan. Ranar Asabar Ummu Salma ta zo daga Kano, suka hau mota tare. Ba su yi wata hira ba a hanya. Yarinyar ta gaishe ta yadda ta saba, ta karɓi jakarta ta riƙe mata, amma ba ta yi mata wasan da take yi ba.

A Balan aka nuna musu gidan. Matar marigayi Muhammad Auwal, Iya Hanne, tana nan da ranta, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Da ta ji abin da ya kawo su sai ta yi dariya.

"Malam ai ba ya buga abu falle ɗaya. Kullum sai ya sa takardar kabon ɗin nan a tsakiya, yatsunsa duk su yi shuɗi, ya zo ya ɓata mini kwanon tuwo."

Ta sa aka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Akwai rawaninsa a ciki, da tsofaffin hotuna, da ƙunshin takardu a cikin leda an ɗaure da tsumma. Kwafin kabon ɗin yana nan, rubutunsa ya dushe amma gara ba ta kai gare shi ba. Hure ta buɗe shafi na goma sha tara. Wannan karon ba ta karanta a fili ba, sai ta miƙa wa Ummu Salma.

"Ya bi ta yammacin tafki," Ummu Salma ta karanta. Ta ciro waya ta ɗauki hoton shafin sau uku, sannan ta nemi izinin Iya Hanne ta ɗauki duka talatin da biyun. Kafin su bar zauren gidan ta gyara muƙalar, ta ɗora hoton a jikinta don kowa ya gani da idonsa.

Iya Hanne ta ba su aron takardar. Washegari suka nufi Faru. Mota ta sauke su a Gafasa, suka ƙarasa a babur ta cikin gonaki, gero ya fi tsayin mutum a kowane gefe. Mai unguwa ya karɓe su a ƙofar gidansa bayan azahar, ya aika a kira Maikuɗi da ɗansa, aka kira Malam Tukur ma, amma aka dawo aka ce ba ya jin ƙarfin jikinsa. Maza kamar goma sha biyar suka taru.

Ummu Salma ta so ta yi bayani, Hure ta riƙe mata hannu. Tun da take ba ta taɓa magana gaban taron maza ba. Ta gaishe su, ta faɗi sunanta da sunan kakarta, wasu dattawa suka gyaɗa kai. Sannan ta ce ita ce mai tsaron laburaren da aka ambata a zamansu na farkon damina. Ta buɗe takardu biyun a kan tabarma, mai rami da mara rami. Ta ce kalmar da aka karanta musu ba ta malamin gona ba ce, tata ce, ita ta cike ramin da abin da take tsammani, kuma da aka tambaye ta ta ce haka yake a rubuce.

Mai unguwa ya miƙa wa Kamalu kwafin ya ce ya karanta, tunda shi ya karanta na farko. Saurayin ya karanta, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ɗago ya ce, "Wallahi ni abin da na gani na faɗa. Har sunan laburare akwai."

"Ba laifinka ba ne," in ji Hure.

Maikuɗi, mutum mai furfura, ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Ya ce, "Ni ma na tashi na ga shanu ta nan suke bi. Ƙarin da na yi, na san na ɗan shiga. Amma da yaron nan ya ce takarda ta ce gabas, sai na ce to, ashe su ne suka kauce tun da, ashe wurin namu ne." Ya dubi mai unguwa. "Yanzu gero ya fitar da kai. Ba zan iya tuge shi ba."

Ba wanda ya ce ya tuge. Aka yi ta magana har inuwa ta juya. A ƙarshe aka tsaya kan cewa da an yanke gero za a buɗe burtalin ta yamma yadda yake a da, a kafa duwatsu a iyakarsa, kuma a ajiye kwafin takardar wajen mai unguwa. Aka shafa fatiha.

Hanyar rugar Malam Tukur ta bakin tafki ta bi. La'asar ta yi sanyi lokacin da suka iso. Tafkin ya fi yadda Hure ke tunawa ƙanƙanta. Ta tsaya inda mata ke ɗiban ruwa, ta ɗaga kai, rana ta dake ta a ido daga bayan geron Maikuɗi, har sai da ta kare fuska da hannu. Nan take ta tuna. Da safe makarantar allo take zuwa a gidan liman. Kakarta ba ta taɓa aikenta tafki ba sai bayan la'asar.

"Mama, lafiya?" in ji Ummu Salma.

"Mu je."

Gidan Malam Tukur ɗakuna biyar ne na ƙasa, uku a rufe da asabari. A bayansu akwai fili mai faɗi inda garke ke kwana, turaka a jere, ciyawa ta fara tsirowa a tsakaninsu. Shanu biyu ne ɗaure a can ƙarshe. Malam Tukur na kishingiɗe a kan buzu a gindin wata bishiyar dogonyaro, ya rame, carbi a hannunsa. Hajo na tankaɗe a gefe. Ta amsa sallamarsu, ta shimfiɗa musu tabarma.

Hure ta durƙusa ta gaya masa abin da aka yanke. Sannan ta ce, "Malam, ni na jawo muku wannan. Ba ni da abin da zan ce sai dai ku yafe mini."

Ya dube ta da kyau. "Ke ce jikar Inna mai ƙosai?"

"Ni ce."

"Allah ya ji ƙanta. Ta sha ba ni ƙosai ina yaro in na dawo da shanu." Ya ja carbi ɗaya, biyu. "Na yafe miki. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Burtali kuma a buɗe, wani zai bi."

Hajo ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta shiga ɗaki ta dama fura ta kawo musu a ƙwarya da ludayi biyu. Ummu Salma ta sha, Hure ta kai baki sau ɗaya ta ajiye ludayin. Can Hajo ta kwance bakin zanenta ta ciro wata 'yar takarda da ta naɗe, da lamba a jiki.

"Wayarmu ta lalace tun wancan watan. Kira mini Ɗayyabu, ki gaya masa da bakinki."

Hure ta danna lambar. Sai a kira na uku aka ɗauka, da iska a bayan muryar da kukan maruƙa. Ta gaya masa ko ita wace ce, da abin da ta yi, da abin da aka yanke yau. Ya saurara har ta gama. Ya ce ya gode da ta faɗi gaskiya. Ya ce amma sun riga sun samu wuri, sun kafa bukkoki, wani mai gari ya ba su fili har sun shuka masara, yara biyu sun shiga makaranta. Tayar da garke a dawo da shi ba abin kwana ɗaya ba ne. Sai dai a ga baɗi, ko shekarar gaba, in Allah ya kai rai.

"Ba ni Inna," in ji shi.

Hure ta miƙa wa Hajo wayar. Hajo ta riƙe ta da hannu biyu ta juya musu baya, ta koma Fillanci. Hure ba ta jin yaren, amma ta gane sunaye ne take ta kira ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa a ba ta amsa. Wasu sunayen na yara ne. Da suka ƙare sai ta shiga wasu, waɗanda ba su yi kama da na mutane ba.

"Shanun take tambaya," in ji Malam Tukur. "Za ta daɗe. In kuna saurin kama mota, ku karɓi wayarku."

Ummu Salma ta dubi Hure. Motar ƙarshe daga Gafasa ba ta wuce magariba.

"A bar ta ta gama," in ji Hure.